Fanel ɗin hannuwan filifa ya ƙone: a gyara shi a nan Garwa, ko a yi odar sabo daga waje?

Wata ranar Talata cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake hana mutum ɗaukar sifanar da aka bari a rana, wani dattijo mai gidan wasannin yara a wajen Yalwa ya aiko jikansa shagona. Sana'ata gyaran talabijin ce da amfilifaya da inbata, amma tun da aka ji na taɓa tayar da filifa, wato na'urar wasan ƙwallon ƙarfe, guda biyu, duk wanda tasa ta kwanta ni yake nema. Na sami filifar Alhajin a lungu bayan teburin ƙwallon hannu, ƙirar kamfanin Williams ta 1993. Ban ko ajiye jakata ba Alhaji ya danna makunni don ya nuna mini. Hannun hagu ya zabura sama shi kaɗai, ba wanda ya taɓa maɓalli, ya tsaya cak, sai warin ƙonanniyar roba ya fara tasowa.

"Kashe, Alhaji, kashe ta!"

"Ai kwana uku ke nan haka take yi, Malam. Ɗana da ke Faransa ya ce in tura masa lambar fanel ɗin, zai sayo sabo ya aiko. Kai me ka gani?"

Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubutun nan, domin na sha jin ta, daga Marwa har Kusiri, kuma sau da yawa kafin a tambaye ni an riga an kashe kuɗin.

Wanda bai san filifa ba, akwati ce doguwa mai gilashi a sama, ƙwallon ƙarfe yana gangarowa, mai wasa yana mayar da shi sama da wasu 'yan hannuwa biyu da ke ƙasa. Sunan hannuwan ne ma Faransawa suka ba na'urar gaba ɗaya, mu kuma muka ara daga bakinsu. Kamfanin Gottlieb ne ya fara sa su a 1947. Kafin nan sai dai mutum ya harba ƙwallo ya zuba ido, sa'a ce kawai. Saboda haka in hannu ɗaya ya mutu, ba yaron da zai ƙara saka ko dala a ciki.

Kafin a yi maganar saye ko gyara, a fara tabbatarwa na'urar tana da fanel ɗin hannuwa ma tukuna. Ba kowace ke da shi ba. Tsofaffin Williams da Bally da Gottlieb na shekarun 1980 wuta tana bi ta maɓallin da ke gefen akwati ne kai tsaye ta shiga kwayil, wato naɗin wayar da ke fizgar hannu, rile ɗaya ne kawai a tsakani. Williams sun kawo fanel na musamman mai suna Fliptronics a 1992, a cikin filifar The Addams Family, wadda aka ƙera fiye da guda 20,000, kuma shi aka ci gaba da sawa a na'urorin Williams da Bally har zuwa 1995. Daga nan, a tsarin WPC-95, suka haɗe aikin cikin babban fanel ɗin wuta. Data East su ma suna da nasu daban, wanda ke cikin akwatin ƙasa, ba na sama ba. Abin da zan faɗa ya fi shafar Fliptronics, musamman na biyu mai lamba A-15472, don shi na fi riƙewa a hannuna. Yana cikin akwatin sama, bayan gilashin hoto, ta hagu daga sama.

Yadda yake aiki ba wuya. Kwayil ɗin kowane hannu naɗi biyu ne a jiki ɗaya. Akwai na waya mai kauri, wajen om 4 zuwa 5, shi ke fizgar hannu da ƙarfi. Akwai na siririyar waya, om 130 zuwa 160, shi ke riƙe hannun a sama muddin yatsa na kan maɓalli. Mai kaurin ba ya jure wuta fiye da ƙiftawar ido. Kwamfutar na'ura tana ba shi volt 50 na ɗan lokaci kaɗan ta yanke, ta bar siririn yana riƙo. Masu buɗewa da rufe wannan wuta su ne taransistocin da ke kan fanel: TIP36C guda huɗu na bugu, TIP102 guda takwas, da ƙanana 2N4403 da ke tura su. Akwai kuma fiyus huɗu, F901 zuwa F904, kowanne amfiya 3 mai jinkirin yankewa, da ƴan LM339 masu karanta maɓallai.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, fanel ba kasafai yake mutuwa don kansa ba. Kashe shi ake yi, kuma makashin yana ƙarƙashin filin wasa. A jikin kowane kwayil akwai dayod biyu, 1N4004. Duk sa'ad da aka yanke wa kwayil wuta yakan mayar da wani bugu mai ƙarfi baya, dayod ɗin ne ke shanye shi. Hannu kuwa yana bugawa dubban sau a mako, girgizar tana tsinke ƙafar dayod. Ya tsinke, bugun ya wuce kai tsaye ya fasa taransisto. Taransisto in ya fashe yawanci a haɗe yake mutuwa, wato ya bar wuta tana wucewa ba tsayawa, kwayil ya yi zafi, naɗinsa ya narke ya haɗe. A nan ne fiyus ya kamata ya yanke, ɓarna ta tsaya a ƙaramin abu.

Da na buɗe ta Alhaji, fiyus ɗin hannun hagu an naɗe shi da zaren wayar tagulla har zagaye biyar. Wani ne ya ga yana yawan yankewa ya yi masa "maganin dindindin". Ƙarƙashin TIP36C ɗin kuwa fanel ya yi baƙi, faɗin kwabon sefa 100. Na ɗaga filin wasa, takardar jikin kwayil ta zama ruwan toka, bututun roban cikinsa ya narke ya kama sandar ƙarfen, dayod ɗaya yana reto da ƙafa guda. Mita ta ba ni ƙasa da om 1 a naɗin bugu. Da ɗan Alhaji ya aiko sabon fanel an ɗora a kan wannan kwayil, da bugun farko zai tafi da shi. Don haka ko wace hanya mutum ya zaɓa, aikin ƙasa dole ne, kuma kuɗinsa ɗaya ne a kowane ɓangare. Kada a sa shi cikin lissafin kwatance.

To, mu zo kan gyara. Babban abin da ya sa nake karkata gare shi a ƙasarmu shi ne kayan ba na filifa kaɗai ba ne. TIP36C abokin TIP35C ne, waɗanda muke canzawa kullum a amfilifayar masallaci da ta masu biki. Dayod 1N4007 yana maye gurbin 1N4004, ya ma fi shi jure volt, kuma ba teburin mai gyaran rediyon da babu shi. LM339 ma ba baƙo ba ne. Abin da aka rasa a babbar kasuwar Garwa ana samo shi ta Mubi ko Yola, in ta yi tsanani a aika Sabon Garin Kano. Duka kayan hannu ɗaya ba su kai cefanen kwana biyu na gida mai yawan jama'a ba. In kayan suna hannu, aikin yini ɗaya ne.

Fanel ɗin kansa yana taimakon mai gyara. Layi huɗu ne iri ɗaya, domin an yi shi ne ya iya ɗaukar hannuwa har huɗu, don haka ko ba ka da takardar zanen wayoyi kana iya sa mita a awon dayod, ka auna ƙafafun taransiston da kake zargi, ka auna na maƙwabcinsa mai lafiya, ka kwatanta. Mai lafiya yakan ba da wajen 0.4 zuwa 0.6, wanda ya haɗe kuma kusan sifili. Ƙa'idata ita ce in TIP36C ya mutu ba na canza shi shi kaɗai. Ina cire TIP102 da 2N4403 da ke bayansa su ma, ko da mita ta ce lafiyarsu lau, domin sun sha bugun tare, kuma mita ba ta nuna wanda ya raunana. Na ga wanda ya yi tsimin waɗannan biyun ya dawo bayan mako guda da sabon ƙuna.

Amma gyara yana da haɗarinsa guda biyu, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko jabun kaya. TIP36C na gaske an yi shi ne ya ɗauki amfiya 25 da volt 100. Kasuwanninmu cike suke da waɗanda aka buga wa lambar a jiki alhali cikinsu ɗan mitsitsi ne. A rediyo za su yi shekara ba a gane ba, a hannun filifa ba sa kai la'asar. Ni na fi yarda da wanda na ciro daga tsohuwar amfilifayar kamfani a kan sabo mai ƙyalli da ban san asalinsa ba. In dole sai na saya, nakan sayi ɗaya fiye da buƙata, in fasa shi da filaya in ga girman abin da ke ciki. Haka kuma kada a yarda mai shago ya ce TIP122 daidai yake da TIP102. Ƙafafunsu ɗaya, amma na farkon amfiya 5 yake ɗauka, na biyun 8.

Haɗari na biyu hannun mai gyara ne. Fanel ɗin fuska biyu gare shi, layukan tagulla sama da ƙasa, kuma cikin kowane rami akwai siririn bututun tagulla da ke haɗa fuskokin. Wanda ya saba da fanel ɗin tsohuwar talabijin mai fuska ɗaya yakan ɗora ƙarfen dalma mai zafin gaske, ya fizgi taransisto da filaya, ya fito da bututun gaba ɗaya bai sani ba. Daga baya ya liƙa ta ƙasa, ya ga ya yi kyau, alhali layin sama a yanke yake. Dabarar ita ce a datse ƙafafun mataccen da almakashin waya tun farko, a cire kowace ƙafa ita kaɗai, a zuƙe dalmar da famfon zuƙa, zafin ƙarfe kada ya wuce wajen digiri 350. Masu gyaran wayar salula sun fi iya wannan natsuwar, ko da yake su ma injin hura iska mai zafi da suka saba da shi yana kumbura irin wannan tsohon fanel. In za ka ba wani aikin, ka nemi ya nuna maka bayan wani fanel da ya taɓa gyarawa. Liƙi mai sheƙi, ƙanana kamar tsinin dutse, shi ake nema. In ka ga dunƙulen dalma kamar kashin awaki, ɗauki kayanka.

Sai batun baƙin nan. Mutane suna ɗauka tabo ne kawai, a goge a ci gaba. Ba haka ba ne. Jikin fanel in ya ƙone ya zama gawayi, gawayi kuwa yana wuce da wuta. In aka bar shi tsakanin layuka biyu masu volt 50, zai riƙa satar wuta a hankali, yana ƙara zafi, yana ƙara faɗi. Dole a kankare shi da reza ko ɗan ƙaramin dutsen niƙa har sai an kai ga jiki mai tsabta, ko da za a huda rami, a cike da gam mai haɗi biyu, a ɗinke layukan da suka yanke da waya mai kauri daidai da wutar da za ta bi. A nan ne nake yanke hukunci. In ƙunar ta tsaya a layin hannu ɗaya, layukan da suka yanke ba su wuce uku ko huɗu ba, soket ɗin da wayoyi ke shiga bai narke ba, gyara ya fi. In ta ci layin hannuwa biyu ko uku, ko ta kai wajen ƙananan aisi da ke magana da kwamfuta, ko wani ya riga ya yi masa ɗinkin wayoyi kamar saƙar gizo, to a nan ba na riƙe wa kowa wando.

Na taɓa samun irin wannan daga Kusiri. An kawo mini fanel a cikin ledar burodi, masu gyara uku sun riga sun bi ta kansa, ramukan taransisto shida ba tagulla a cikinsu, an ɗaure ɗaya da wayar fanka. Na ce wa mai shi gaskiya, zan iya sa shi ya yi aiki yau, amma ba zan iya yi masa alkawarin wata guda ba, kuma in ya sake haɗewa yana iya jawo wa fanel ɗin kwamfuta, tunda faffaɗar waya ɗaya ce ta haɗa su da na sauti da na allon maki. Ya yi odar sabo, kuma daidai ya yi.

Williams sun daina ƙera filifa tun 1999, saboda haka "sabo" a nan na wasu ƙananan kamfanoni ne da ke kwaikwayon na asali, irin su Rottendog a Amurka, akwai kuma wasu a Turai. Amfaninsu a fili yake: jiki sabo, soket sabo, ba gawayi, ba tsatsa, kuma ba a buƙatar gwanin dalma. Kusoshi ne a kwance, soket a zare, a mayar yadda aka samu. Ga wanda yake garin da ba amintaccen mai gyara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a yi lissafi da kyau. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, wato kowane Yuro 100 da aka gani a shafin mai sayarwa sefa 65,600 ne tun kafin a yi maganar kuɗin aikowa da na duwan, wato kwastan. Ga jira. In ba a dace da matafiyi ba, makonni ne na'ura tana kwance, yara kuma sun koma gidan PlayStation na gaba. In ya iso da matsala, mayar da shi ya kusa kuɗin wani. Abin da ya fi damuna shi ne gaba. Wasu daga cikin sababbin ba su bi tsarin na asali sak ba, sun sa wasu irin taransistoci dabam, wasu kuma kayansu ƙanana ne da aka manna a fuska. Zanen da ke cikin littafin na'ura ba zai yi daidai da su ba. Ran da dayod ya sake tsinkewa, kuma zai tsinke, za ka tsinci kanka da fanel ɗin da ba wanda ya san cikinsa daga nan har Injamena. Don haka wanda zai saya ya sa a tambayar masa abu biyu: ana ba da zanen wayoyinsa? Lambobin taransistocinsa mene ne, ana samun su a kasuwa? Ya kuma tura hoton tsohon da lambarsa, don Fliptronics na farko da na biyu ba ɗaya ba ne wajen shigar wuta.

Na hannu kuwa, wato na asali da aka ciro daga wata na'ura, ba na ba da shawararsa sai an gwada shi a gabanka. Shekarunsa ɗaya da naka, wajen talatin, kuma ba ka san abin da ya sa aka cire shi ba. In dai araha ne ƙwarai, saye shi don kayan jikinsa na gaske ne. Aika naka Turai a gyara ya dawo kuma, kuɗin zuwa da dawowa ya isa ya kashe maganar.

Akwai waɗanda ke yin odar fanel alhali lafiyarsa ƙalau, kuma wannan ya fi ba ni takaici. In hannu ya yi rauni ne kawai, ba ya kai ƙwallo saman gangara, da wuya laifin fanel ne. A duba sandar ƙarfe da abin da take dukan a ƙarshen kwayil, sukan baje kamar kan ƙusa, da bututun roba, da mahaɗin da ya yi sako-sako. A bayan maɓallin gefe kuma akwai ɗan fanel mai idon haske, ƙurar hunturu tana toshe shi. Auduga da ɗan sifirit sun ishe shi. In hannu ya buga ya faɗo nan take ko da yatsa na kan maɓalli, a fara duba siririyar wayar riƙo, takan tsinke daidai inda aka liƙa ta a kunnen kwayil, a warware zagaye ɗaya a sake liƙawa. In duka hannuwan sun mutu lokaci guda, a tabbata ƙofar kuɗi a rufe take, domin a yawancin na'urorin wannan zamani buɗe ta yana yanke volt 50. A kuma duba liƙin ƙafafun soket ta baya. Na'urar da ta sha ɗanshin teku a kwantena zuwa Duwala, ta sha jijjiga daga Ngawundare zuwa nan, ba mamaki liƙinta ya tsattsage, kuma sabuwar dalma ce kawai maganinsa. Duk wannan aiki a yi shi an zare filogi daga bango. Layin da ake kira volt 50 yakan nuna wajen 70 a mita, fanel ɗin allon maki kuma yana da fiye da 100.

Na Alhaji ƙunarsa a layin hannu ɗaya ta tsaya, layuka uku ne suka yanke. Na ce masa, "Alhaji, a gaya wa ɗan naka ya bar fanel. Ya sayo kwayil mai lambar da ke cikin littafin na'ura, guda biyu, da kayan sabunta hannu na hagu da dama, da kwalin fiyus amfiya 3 masu jinkiri." Waɗannan su ne abin da ba mu da shi a nan, kuma ba su da nauyi a jakar matafiyi. Masu naɗin fanka suna cewa za su iya naɗa kwayil, amma naɗi biyu ne masu kauri dabam da adadi dabam, in aka kuskure ko hannu ya yi sanyi ko ya riƙa fasa robobin filin wasa.

Kafin kayan su iso na kankare gawayin, na cike, na ɗinke, na sa taransistoci uku. Na fara kunna ta ba tare da an haɗa kwayil ɗin hagu ba, na auna, na ga ba wutar da ke wucewa sai an danna. Ran da kwayil ya zo na kira jikan Alhaji ya tsaya kusa da ni, na nuna masa zoben da ke jikin dayod, na ce ɓangaren zoben ne ke kallon wayar da ke kawo wuta, in aka juya shi taransisto zai tafi nan take. Na sa shi ya maimaita har sau biyu. Na sa Alhaji ya sayi sitabilaiza, na kuma roƙe shi kada a bar ta a kunne lokacin da ake sauyawa zuwa janareto. Sauran fiyus ɗin na zuba su a ƴar leda, na manna da salatif a bayan ƙofar kuɗi, na rubuta 3A a jiki da babban baƙi, wayar tagullar nan kuma na tafi da ita a aljihuna.